Lambun da Thoa Ta Zaɓo a Hular Kwano

"Sake faɗa," in ji Malam Dinh, mai koya musu Turanci, yana buga biro a tafin hannunsa. "A hankali, ƙanwata. Ba wanda ya biyo ki."

Thoa ta sake faɗa da Turanci: a lokacin hutuna ina son kula da lambu, domin yana kwantar mini da hankali. Malamin ya gyaɗa kai, ya matsa wurin ta gaba.

Su goma sha biyu ne a kan bencin, a hawa na uku na wani ofishin tura ma'aikata ƙasashen waje da ke birnin Hai Phong. A bayan ƙofar da ke gabansu akwai kwamfuta, a cikinta kuma akwai wata mata da ke shugabantar gidan kula da tsofaffi a New Zealand, wadda mutum huɗu kawai take nema. Kamfanin ɗinkin da Thoa ke wa aiki zai rufe sashensu a ƙarshen wata. A watan Yuni kuma za ta cika shekara talatin da biyar, ofishin ba ya tura wanda ya kai haka. Wannan ganawar ita ce ta ƙarshe da za a kira ta.

Bara, da Baturen da ya gana da ɗaliban Malam Dinh ya tambaye su abin da suke yi don nishaɗi, duka ashirin ɗin sun ce karatun littafi da sauraron kiɗa. Bai ɗauki ko ɗaya ba. Shi ya sa bana malamin ya yanka shafin darasi na tara, mai jerin abubuwan sha'awa, da almakashi, kowace kalma da guntun takardarta, ya zuba su a hular kwanonsa ta babur, kowa ta sa hannu ta zaɓo abin sha'awarta. Wata ta sami tara kan sarki, wata saƙa, wata kallon tsuntsaye.

"Ke kin dace, Yaya," in ji Luyen, wadda keken ɗinkinta ke kusa da na Thoa a kamfani. "Ni zamiya a kan ƙanƙara na samu. Ni da ban taɓa ganin ƙanƙara ba sai a kofin shayi."

"Ki ce kina zamewa a kan daɓen banɗakin kamfani," in ji wata daga ƙarshen benci. "Wannan kam ba ƙarya kika yi ba."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Thoa ta yi murmushi, amma hankalinta ya riga ya tafi.

A cikin kwalekwale aka haife ta, a kan ruwa ta girma, iyayenta masunta ne da ba su taɓa mallakar ƙasa ko taku ɗaya ba. Ɗakin da take haya yanzu taga ɗaya gare shi, in ta miƙa hannu ta cikinta sai ta taɓa bangon maƙwabta. Ba ta taɓa shuka komai ba. Sai dai Malam ya ce kowa ta ƙara kalmomi goma da suka shafi abin da ta zaɓo, ko da za a ja ta da tambaya. Ta haddace kalmar ƙasa, da iri, da saiwa, da shinge. Kalmomin suka riƙa zille mata, har ta lura cewa ba sa zama a kanta sai ta ba kowace wurin tsayawa. Sai ta kafa shingen gora a cikin zuciyarta. Ta sa ƙofa a gefen gabas. Da ta koyi kalmar inuwa, dole ta nemi abin da zai yi ta, ta dasa gwanda biyu.

Daga nan abin ya fi ƙarfin darasi. Hannayen riguna na wucewa ƙarƙashin allura, ɗari bayan ɗari, ita kuwa tana tsugune tsakanin kunyoyin barkono tana cire ciyawa. Kabewa ta hau shinge ba tare da ta nemi izini ba. Akwai tsohuwar randa da ruwan sama ke taruwa a ciki, bakinta ya ɗan fashe, ita kanta Thoa ba ta san ranar da ya fashe ba. Wani yammaci na'ana'arta ta yi yaushi, ta wuni ranta a ɓace, har Luyen ta tambaye ta ko wani ya rasu a gida. Kalmomi goma suka zama sittin.

"Thoa!" aka kira ta daga bakin ƙofa.

Ɗakin yana da sanyin na'ura. Malam Dinh ya tsaya a bayan kwamfutar, inda ba a ganinsa. Matar da ke cikin allon farar tsohuwa ce mai tabarau, ta ce sunanta Misis Pringle. Ta tambayi shekaru, da aiki, da ko Thoa za ta iya ɗaga mutum daga gado, tana rubutu ba ta ko ɗago kai. Alamar gajiya ta bayyana a muryarta sa'ad da ta zo kan tambayar nishaɗi.

Thoa ta faɗi layinta daidai. Malam ya ɗaga babban yatsa.

Matar ta ajiye biro. "Me kike shukawa?"

Nan ya kamata ta ce kayan miya ta yi shiru. Amma an tambaye ta ne game da wurin da ta fi sani a duniya, wanda ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Ta fara da gwanda. Turancinta na tuntuɓe, tana cike giɓin da hannu, ta nuna tsayin shingen, ta nuna yadda kabewa ta danne barkono. Ta ce da safe, in an yi yayyafi, ƙasar wajen randa tana yin wani ƙamshi da ba ta san sunansa da Turanci ba.

"Mu ma ba mu san sunansa ba," in ji matar, tana dariya. Sai ta cire tabarau. "To in kin taho, wa zai riƙa ba shi ruwa?"

Thoa ta buɗe baki. Ba ta taɓa tunanin wannan ba. Ta ga ƙofar gabas a rufe, ganyen gwanda na zuba ɗaya bayan ɗaya, randar ta bushe har ƙasa. 

"Babu kowa," ta ce. Hawayen da suka zubo mata na gaske ne.

 Misis Pringle ta juya kwamfutarta zuwa taga. Ga fili nan kore, da bencina, da wasu itatuwa da Thoa ba ta taɓa gani ba, hasken wata rana daban yana kwance a kansu. Matar ta ce mutumin da ya shekara ashirin yana kula da wurin ya yi ritaya, tsofaffin gidan kuma a nan suke wuni. Masu wanki da gyaran gado ba su da wuyar samu. Ko Thoa za ta karɓi lambun?

A bayan kwamfutar Malam Dinh yana girgiza kai, yana kaɗa hannu biyu kamar mai korar hayaƙi. Thoa ta san kalmomin da za ta faɗi gaskiya da su, gajeru ne, tun darasi na biyu ta iya su. Ta tuna ƙarshen wata, ta tuna Yuni. Ta sake duban filin. Can gefen hagu akwai wani lungu da rana ke bugawa sosai, ta kama kanta tana tunanin barkono zai yi kyau a wurin.

"Zan karɓa," ta ce.

A kan matakala Malam ya tare ta, ya ɗora hannu a ka. "Layi ɗaya da kalmomi goma na ce ki haddace, kin je kin nome mini gona! Mako takwas fa ya rage ki hau jirgi. Kin ma san ta inda ake riƙe fartanya?"

"Ban sani ba, Malam."

"Kin kashe ni. Luyen ma da ta ce tana zamiya a ƙanƙara ba ta yi kuka a kai ba."

A waje yayyafi ya ɗauke, titi na sheƙi. Kusa da tashar bas wata tsohuwa ta jingine kekenta, an ɗaure masa tukwanen shuke-shuke gaba da baya har ba a ganin sirdi. Thoa ta tsaya. Ta kai yatsa ta taɓa ƙasar wata tukunya. Ta fi yadda ta zata sanyi, kuma tana manne wa fata.

"Ɗauki wannan, 'yata," in ji tsohuwar, tana nuna wani mai kaurin ganye. "Ko wata guda kika manta da shi ba ya mutuwa."

"A'a, Inna. Wanne ne ya fi saurin mutuwa?"

Tsohuwar ta dube ta sama da ƙasa. Sannan ta laluba can ƙasan kwando, ta ciro wani siririn tsiro mai ganye huɗu, yana rawa a iska.

"Wannan ko harararsa kika yi sai ya kwanta."

"Shi nake so," in ji Thoa. Ta karɓe shi da hannu biyu. "Yanzu ki gaya mini, tun daga farko. Ruwan, sau nawa?"