Jan Ɗigo a Bayan Tsibirai Biyu

Ulepika ta shimfiɗa taswirar a kan bargon tsohon, ta danne gefe guda da kofin shayinsa don kada ta naɗe. Karo na uku ke nan cikin mako ɗaya. Ipili ya dubi takardar, ya dubi jan fensirin da ke hannunta, ya mai da idonsa taga inda teku ke ɗauke da guntayen ƙanƙara. Tukunyar iskar da ma'aikaciyar jinya ta kawo tana ta huci a gefen gado.

"Inna, kin sha shayi kuwa?" in ji shi.

Shekararsa tamanin da ɗaya, ita arba'in da uku, amma Inna yake ce mata. Ranar da aka haife ta aka ba ta sunan mahaifiyarsa da ta rasu, kuma a garin nan wanda ya ɗauki suna ya ɗauki mai sunan. Tun tana rarrafe take uwarsa. Taku goma ne tsakanin gidajensu, kuma bai taɓa dawowa daga farauta ba sai ya fara ajiye kasonta a bakin ƙofa.

Ta ce ba shayi ya kawo ta ba. Ya riga ya sani.

Shekara biyu da suka wuce, da aka ce za a keɓe tekunsu a kare shi, an kafa kwamitin haɗin gwiwa: mutum huɗu daga gari, huɗu daga gwamnati. Ulepika na cikin na gari. Aka tara dattawa a zauren taro, aka ba su biskit da fensira, aka ce kowa ya zana inda ya san dabbobin ruwa na taruwa. Ipili ya cika takardarsa da zane, har baƙin suka ɗauke shi hoto. Wuri ɗaya kawai ya bari fari fat, wani lungun teku a bayan tsibirai biyu, inda tugalik, ƙatuwar dabbar ruwan nan mai dogon haure ɗaya, ke shayar da 'ya'yanta duk ƙarshen bazara. Shekara hamsin yana zuwa can, ya kashe inji, ya zauna ya kalla, ya dawo. Bai taɓa ɗaga bindiga a wurin ba, bai kuma taɓa faɗin sunan wurin a gaban taro ba.

Masana suka koma kudu da takardun, suka ga fari, suka ce madalla, ga inda babu komai. Ta nan suka ja hanyar jiragen ruwa masu dakon ma'adinai. Sun ma turo jirgin sama ya yi ƙidaya, kwana uku, tun ƙanƙara ba ta gama buɗewa ba. Mutanen da suka yi karatun shekara ashirin a kan dabba, suka zo gidanta lokacin da ba ta nan.

Ulepika ta yi magana a kwamiti har muryarta ta dushe. Aka ce mata, cikin ladabin nan nasu mai ƙona rai, ilimin gargajiya yana da daraja ƙwarai, amma sai dattijon da ya gani da idonsa ya sa alama da hannunsa. Sauran da suka san wurin duk suna maƙabarta. Ranar Juma'a za a sa hannu a kan tsarin. Yau Laraba.

"Ɗana," ta ce, "ɗigo ɗaya kawai."

"Dabbobin suna ji," in ji shi. "Inda aka nuna su, ba sa komawa."

"Ƙarar jirgi fa? Ita ba za su ji ba?"

Daga kicin 'yarsa Tapisa ta leƙo da kaskon burodi a hannu, ta ce a ƙyale mutum ya huta mana, ko sai an kai shi kabari da fensir a hannu? Ulepika ba ta ko juya ba.

Tsohon ya ɗaga hannun damarsa da ƙyar, ya nuna mata bayan yatsunsa. "Ina ɗan shekara shida, muna cikin kwalekwale, na miƙa yatsa na ce ga su can. Ke kika buge min hannu. Kin manta?"

A nan ne abin ya zo mata, kuma ta san mugun abu ne tun kafin ta buɗe baki. Duk rayuwarta sunan nan wasa ne mai daɗi, abin ba ta nama da alewa. Ba ta taɓa hawa kansa ta ba da umarni ba. Ta tuna Juma'a, ta tuna shuɗin layin hanyar jiragen da ya ratsa tsakanin tsibiran kamar an yanka da wuƙa. Ta gyara zama, ta sauke murya irin ta tsofaffin mata.

"Ban manta ba. Ni na hana ka. Yanzu ni na ce ka nuna."

Tapisa ta ajiye kaskon. Ipili ya daɗe yana kallon Ulepika, kallon da ba fushi a cikinsa, da ma fushin ne da ya fi sauƙi. Ya karɓi fensirin. Bai yi lalube ba. Ya sauke bakin fensirin daidai wurin, ya danna, ya saki. Ɗigon bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Sai ya juya fuskarsa bango. Ta naɗe taswirar, ta tsaya tana jiran ya ce wani abu.

"Ulepika," in ji shi, "ja ƙofar in kin fita."

Bai taɓa kiranta da wannan sunan na takarda ba. Ta sauka matakalar gidan tana jin kunya kamar wadda ta yi sata a coci.

Ranar Juma'a ta ajiye taswirar a gaban shugaban kwamiti, wani dogo mai yawan murmushi wanda ya koyi gaisuwarsu ya tsaya a nan. Ya duba ɗigon, ya ce abin ya taɓa zuciyarsa. Sai dai an rufe karɓar shaida tun watan Maris, kuma kamfanonin jiragen sun riga sun tsara tafiyarsu. Za a saka takardar a fayil, a duba ta idan an zo bitar tsarin bayan shekara biyar. Aka kaɗa ƙuri'a. Biyu daga cikin mutanen gari suka bi gwamnati, don an yi alkawarin ayyukan gadin teku guda shida, kuma suna da 'ya'ya zaune a gida. Ba ta iya ganin laifinsu ba, wannan ma ya ƙara mata ciwo.

Ta so ta je ta faɗa masa. Ta zo har matakala sau biyu ta koma. Me za ta ce? Ya saɓa wa uwarsa a kan umarnin uwarsa, kuma a banza?

Ya rasu ranar Lahadi da hantsi, ana cikin coci. Tapisa ce ta sanar a rediyon gari. Da Ulepika ta shiga gidan, matan suka matsa mata wuri kusa da kan gawar, wurin uwa. Ta zauna don babu yadda za ta ƙi. Ta tambayi Tapisa a hankali ko ya ambace ta. Tapisa ta ce ya tambaya sau ɗaya ko an ga dabbobin bana, shi ke nan.

Aka binne shi a kan tudu, maza suna jera duwatsu don ƙasar ba ta haƙuwa da zurfi. Ana cikin haka jirgin farko ya ɓullo daga nesa, ja da baƙi, ya nufi tsakanin tsibiran. Aka ci gaba da miƙa duwatsu.

Da aka watse, Ulepika ta gangara bakin ruwa ita kaɗai. Jirgin ya riga ya ɓace a bayan tsibiri, teku ya kwanta lumui. Can sai igiyar ruwan da ya bari ta iso gaɓa, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗaga kwalekwalen Ipili da ke ɗaure a wurin, ta buga shi da dutse, ta sauke, ta sake ɗagawa.