Maganin da Na Yi wa Wafa

Ni Ƙaltume a Madina aka haife ni, a nan na tsufa. Ban taɓa zama a aji ba, sai allon da na riƙe shekara uku ina ƙarama. Gidana a unguwar Bani Harisa hawa biyu ne, kuma abin da na ce a cikinsa shi ake yi.

Wafa matar jikana Saif ce. Kafin ta haihu babu amaryar da za a kai a unguwarmu ba ta bi ta hannunta ba. Ƙunshi take yi, zane siriri kamar da allura. Ta haifi 'ya mace, Mimi, aka yi suna, aka yi arba'in, amma yarinyar nan ba ta dawo daidai ba. Kuka babu dalili. A miƙa mata jaririya, ta kawar da kai. Maƙwabciyarmu Daktora Rabi'a, 'yar Kano, ta ja ni gefe ta ce in bari a kai Wafa wurin likitan ƙwaƙwalwa, ciwo ne sananne bayan haihuwa, yana da magani. Na ce ta sha shayinta kada ya huce. Ina da jikoki mata uku da ba su yi aure ba. A ji an ce gidan Ƙaltume akwai mai zuwa wurin likitan mahaukata?

Sai na yi nawa maganin. Na mayar da ita ɗakin sama. Na karɓe wayarta, na kwashe kayan lallen, na ce kada baƙo ya hau. Mimi na sauko da ita wurina ana ba ta madara. Kunu, farfesu, dabino bakwai da safe, labule a sake, kwanciya. Na ce hutu kawai take buƙata. Saif bai taɓa musa mini ba tun yana rarrafe, ba a nan zai fara ba. Haka aka yi wata huɗu.

Wata Talata bayan la'asar ina yanka kuɓewa, ƙanwar Saif, Sundus, mai karanta adabin Turawa a jami'a, ta shigo rungume da littattafai.

"Kaka, saura sati biyu a yi mini munaƙasha. Malamai uku za su tsare ni da tambayoyi kan abin da na rubuta. Bari in gwada a gabanki."

"Ni da ban san ko baƙi ɗaya na boko ba?"

"Wallahi kin fi su ban tsoro."

"To da Hausa. Kika cika mini Larabci, na kayar da ke."

Hausar Sundus gurguwa ce, tana tafiya tana dafa Larabci, amma ta kai. Ta ce littattafan nan an rubuta su shekara ɗari da hamsin da suka wuce, wasu ma sun fi. A cikinsu akwai mata da yawa da damuwa ta kama, wata bayan haihuwa, wata bayan rasuwa. Abin da ta bincika shi ne irin maganin da maza da likitocin zamanin suke yi musu.

"Na farko, ya'ani, a kai ta ɗaki can nesa da mutane. Na biyu a hana ta aikin da take so, a ce shi ne yake gajiyar da ita. Na uku a hana ƙawaye zuwa. A yi ta ɗura mata abinci, a ce ta kwanta."

Wuƙar ta tsaya a hannuna.

"Ɗan da ta haifa fa?"

"Sai a ba wata ta yi renonsa."

"Mugunta suke yi mata ke nan."

"La, Kaka, nan ne abin yake. Yawancinsu suna sonta. Suna cewa don lafiyarta ne. Kuma suna tsoron bakin mutane."

Na dube ta da kyau. Na san makircin yaran yanzu.

"Ke, 'yar nema. Wa ya aiko ki? Rabi'a?"

"Wallahil azim shekara biyu ina wannan aikin. Wafa ko ciki ba ta da shi lokacin."

"Miƙo."

Ta ba ni littafi ɗaya. Takardarsa ta yi ja, tana warin tsohon akwati. Ta nuna mini shekarar da aka fara buga shi, ta rubuta mini da lambar Larabci a tafin hannunta. Na yi lissafi da yatsu. Lokacin kakana bai bar Haɗejiya ba, bai ma fara takowa da ƙafa zuwa hajji ba.

Masu littattafan nan ba su san Madina ba, ba su san Hausa ba, sun zama ƙasa tun kafin a haifi uwata. A garin sanyi, da fitilar mai, wani hannu ya zauna ya rubuta ɗakin saman gidana, har da labulen, har da maganar da ke fita daga bakina. Na yi shekara saba'in da wani abu ina ganin ikon Allah, na ga ruwa ya sauko daga dutsen Uhudu ya cika kwari a sa'a ɗaya, amma ban taɓa ganin matacce ya leƙo gidan rayayye haka ba. Na ce subhanallahi, na sake cewa.

"Su wa suka rubuta?"

"Da yawa mata ne. Wasu su aka yi wa hakan, suka fito suka rubuta."

Sai yayata Tasallah ta faɗo mini a rai. Ita ma bayan haihuwarta ta biyu aka sa ta a ɗakin baya a gidanmu na dā. Ni nake kai mata abinci, ina shekara tara. An ce iska ce. Ba ta kai shekara ba ta rasu. Ita babu wanda ya rubuta ta, kuma da na girma, abin da na ga an yi mata shi na ɗauka magani.

"Ya suke ƙarewa, matan cikin littafin?"

Sundus ta hau jera littattafanta.

"Malamanki ma haka za ki yi musu? Amsa mini."

"Wasu suna mutuwa. Wasu hankalin yana tafiya gaba ɗaya, wanda da farko bai tafi ba. Kaɗan suna fita. Abin da na rubuta a ƙarshe shi ne, da wuya ki ga inda aka tambayi matar me take ji. Kowa ya riga ya san amsa."

Na ajiye faranti. Gwiwoyina ba sa son matakala, sau ɗaya nake hawa a yini, amma na hau. Sundus ta taso za ta riƙe ni, na ce ta zauna.

Wafa tana zaune a bakin gado, hannuwanta a cinya. Ta rame har zoben aurenta yana juyawa a yatsa. Da ta gan ni ta yi sauri za ta kwanta, don ta san abin da nake so ke nan.

"Zauna, 'yar nan." Na zauna kusa da ita. Na yi mata tambayar da ban saba yi ba. "Me kike ji?"

Ta daɗe tana kallona, kamar tana jiran sauran faɗan.

"Hajiya, ba ƙin Mimi nake ba," ta ce a hankali. "Tsoro nake ji. Duk na ɗauke ta sai in ga kamar za ta suɓuce. Tun ranar suna nake so in faɗa."

Tun ranar suna. Ni kuwa ina can ina auna mata kunu.

Na leƙa matakala na ƙwala wa Sundus kira, na ce ta nemo mini Daktora Rabi'a a waya. Muka gaisa, na tambayi aiki, na tambayi yara, har tambayoyin suka ƙare.

"Daktora, maganar da kika yi mini kwanaki. Ke ce da gaskiya."

Ba ta ja ni ba, Allah ya saka mata. Ta ce akwai abokiyar aikinta, mace ce, a kawo Wafa gobe ƙarfe tara, Saif ya rako ta ya isa.

"Da ni za a zo," na ce. "Kuma ƙarfe takwas za ki gan mu."