Jirgin Ishaya Ya Fi Ƙofa Faɗi

Magini da bakanike suka iso ƙofar gidan Ishaya kusan tare da hantsi, ɗaya da diga a kafaɗa, ɗaya da sarƙa da akwatin sifana, kowa kuma yana cewa Hayatu ne ya kira shi. Hayatu yana tsaye a tsakaninsu, basilla a hannu, don daga kan ɗinkin fata ya taso. Ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya rasa wanda zai fara wa magana.

"Kai kac ce in zo in fasa katanga," in ji Maigandi magini.

"Ni ko cewa kay yi a ciro inji a maida shi mota," in ji Illo bakanike. "To wanne za a yi?"

Gaskiya ne, duk shi ya kira su. Hayatu baduku ne, katanga ɗaya ta raba gidansa da na Ishaya a unguwar Minanata a Sakkwato, kuma tun da yake bai iya ce wa mutum a'a ba. Da aka sallamo Ishaya daga asibiti aka ce a je gida a yi ta addu'a, matarsa Tabita ta tare Hayatu a bakin ƙofa. Ta ce tana so a ciro injin da ke jirgin ruwan Ishaya a mayar da shi cikin tsohuwar motarsu, ta kai mijinta garinsu Kagoro ya ga danginsa tun yana da sauran numfashi. Hayatu ya ce to. Ya shiga ya gaida marar lafiya, shi kuma ya kama hannunsa ya ce abu ɗaya yake roƙo, a kai jirgin gulbi ya ji kukan injin a cikin ruwa. Nan ma Hayatu ya ce to. Sai da ya koma gida yana alwala sannan ya tuna injin guda ɗaya ne.

Labarin jirgin ya daɗe a unguwa. Ishaya tsohon bakaniken gwamnati ne, ya zo Sakkwato tun yana saurayi, a nan gashinsa ya yi fari. Wani Bature da ya yi aiki wajen Wamakko, da zai koma ƙasarsu, ya bar masa ƙaramin jirgin gudu na katakon maɗaci, gabansa mai tsini, injinsa a mace. A lokacin gidan Ishaya dangar zana ce, aka ɗage ta aka shigo da shi, aka ɗora kan itatuwa a gindin dogonyaro. Daga baya, shekarar da aka ƙara wa ma'aikata albashi, gari ya cika da siminti da sababbin motoci, kowa yana kwance zana yana jera bulo. Ishaya da Hayatu ma suka haɗa hannu suka yi tasu katangar, da ƙofar ƙarfe daidai wucewar mutum da keke. Sai da fenti ya bushe wata yarinya ta tambaya ta ina jirgin zai fita. Ishaya ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, ya ce wannan maganar wata rana ce.

Abin da ya fi ɗaure wa Hayatu kai shi ne ranar da Ishaya ya ciro injin tsohuwar Fijonsa, mota lafiyayya wadda ta kai matan unguwar asibiti ba iyaka, ya bar ta a kan duwatsu a ƙofar gida, ya dasa injin a cikin jirgi. Ya cire lagireto ya ajiye, ya ce jirgi ba ya buƙatarsa, daga gulbi zai riƙa zuƙo ruwa ya sanyaya kansa ya tofar ta salansa. To, a tsakar gida babu gulbi. Sai ya ajiye duro, ya zura tiyo a ciki. Duk Asabar za a cika duron, ya tayar da injin, ya karkata kai yana saurare, kafin ya gama jin abin da yake so ya ji ruwa ya ƙare, dole ya kashe. Tabita ce ke ɗebo yawancin ruwan. Hayatu kuwa shi ya ɗinka wa jirgin kujeru da jar fata, bai taɓa tambayar wa zai zauna a kai ba.

Yanzu ga shi an zo ranar, shi kuma ya tara mutane biyu a kan aiki biyu da ba sa haɗuwa.

Tabita ta fito da zani ɗaure a ƙirji, ta ga diga, ta ga sarƙa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam Hayatu, ba mun yi magana da kai ba?"

"Mun yi, Maman Martha."

"To wannan digar fa?"

"Shi ma Malam Ishaya mun yi magana da shi."

Ta daɗe tana kallonsa. Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana juya basilla, yana jin da ƙasa za ta buɗe da ya shige. Daga ƙarshe ta kauce daga ƙofar, ta ce su shigo duka, mai jirgin yana ciki, ya faɗa da bakinsa.

Ishaya yana kwance a kan gadon katako a inuwar dogonyaron, kusa da jirgin, ya rame har agogonsa yana yawo a hannu. Da ya ji yadda aka yi, kafaɗunsa suka fara rawa. Hayatu ya ɗauka tari ne, ya miƙa hannu zai ɗauko kofi, ashe dariya ce.

"Maƙwabci, da limamin coci da na masallaci za su roƙe ka abu rana ɗaya, da ka yi Lahadi da Juma'a a haɗe."

Illo bai tsaya jin wasa ba. Ya hau jirgin, ya ɗaga murfin katako, ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago sai ya fara lissafa wa Tabita abin da ya gani, yana sosa ƙeya. An yanke ƙafafun injin an yi masa wasu, an kishingiɗar da shi ya fuskanci farfela, an toshe nan an huda can, salansar ma ba ta mota ba ce yanzu. Ya ce zai iya mayar da shi, amma ba aikin yau ba ne, ba kuma na wannan makon ba. Bai ƙarasa ba, ya dubi gadon.

Tabita ta juya wajen mijinta.

"Ka sani."

"Na sani."

"Ka bar ni ina ta haɗa kaya."

"Na ga haɗa kayan yana ba ki ƙarfi, Tabita."

Hayatu ya so ya ce akwai motocin haya a tasha, sai ya tuna doguwar hanyar, da zafin rana, da sojojin da ke tsayar da mota a sauke kowa a bincika kaya. Ya dubi ƙirjin Ishaya yadda yake hawa da ƙyar. Ya haɗiye maganar. Bai san ko Tabita za ta yi kuka ba, ko za ta kore su. Ta shiga ɗaki, suka ji tana jan akwati, sannan shiru. Ta fito ta wuce su, ta je ta karɓi digar daga hannun Maigandi.

"Shekara da shekaru ina ɗebo wa wannan abu ruwa," ta ce. "A kai shi inda ruwan yake, na huta."

Nan wata matsalar ta taso. Ta wajen titi an kafa sandar lantarki dab da katangar, ga sabuwar kwata mai zurfi, jirgi ba zai bi ta nan ba. Hanya ɗaya ce, a fasa katangar tsakiya, a ratsa tsakar gidan Hayatu, a fita ta bayan gidansa inda har yanzu zana ce. Hayatu ya tuna matarsa Atika ba ta fita, ga ƙartai za su bi ta kan murhunta. Ya je bakin katangar yana neman yadda zai fara mata bayani. Muryarta ta riga shi, daga ɗaya gefen.

"Na kwashe tukwane tun ɗazu. Ku fasa."

Tabita ce ta kai sara na fari. Bulo bai ko tsage ba, amma ta miƙa wa Maigandi digar kamar ta gama nata.

Kafin azahar rabin unguwa sun taru. Aka jera itatuwa a ƙasa, aka tura jirgin a kansu, wani yana cewa a yi dama, wani hagu, awakin Atika suna bi ta tsakanin ƙafafu. Wani tsoho da ya zo wucewa ya ga taro da mata a tsaye, ya fara yi wa Hayatu ta'aziyya, sai da aka nuna masa Ishaya a kan gado yana ba da umarni da yatsa. Maigandi ya samo tifar da ke kawo masa yashi. Aka ɗora jirgin a baya, aka zaunar da Ishaya a gaba tsakanin direba da Tabita, Hayatu da Illo suka hau baya suna riƙe da igiya. Har suka bar gari Hayatu bai daina tambayar kansa ba, wai alheri yake yi ko kuwa yana taimakon mutum ya ƙarasa kansa.

A Kwalkwalawa gulbi yana cike, damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba. Masunta suka bar tarunsu suka zo kallo, suka sa hannu aka zuro jirgin cikin ruwa. Ya zauna daram, jar fatar tana ƙyalli. Ba a jima ba Illo ya ce ruwa yana shigowa ta tsakanin katakai.

Hayatu ya ruga wajen Ishaya, wanda aka shimfiɗa wa tabarma a bakin ruwa, Tabita ta tallafe bayansa. Ya ce jirgin yana yoyo, ko a fito da shi?

"Ƙishirwa yake ji," in ji Ishaya, a hankali. "Katako ne, ya daɗe a rana. In ya sha kwana biyu zai kumbura ya rufe kansa. Ku dai kwashe, Illo ya tayar."

Hayatu ya tuɓe takalma, ya shiga da ƙwarya yana kwarfar ruwa. Illo ya haɗa batir, ya murɗa. Injin ya yi tari ya mutu. Ya sake, ya sake. Can sai ya kama, jirgin duka ya ɗauki rawa a ƙarƙashin ƙafafun Hayatu, tsuntsaye suka tashi daga cikin ciyawa. Babu wanda ya sa giya, don babu wanda ya iya tuƙa jirgin, yana nan ɗaure da igiya a jikin turke. Ta baya salansa ta fara tofar da ruwa, ɓul, ɓul, ɓul.

Ishaya ya ce a tara masa ruwan salansar. Hayatu ya tara a ƙwarya ya kai masa. Ishaya ya tsoma yatsunsa a ciki, ya lumshe ido.

"Ɗumi ne, ba zafi ba," ya ce. "Ya yi."

Illo ya ɗaga murya yana tambaya ko ya kashe. Ya saba, kamar kowa a unguwar, injin nan ba ya daɗewa yana kuka.

"Bar shi," in ji Tabita. "Yau ba duro ba ne."

Aka bar shi. Hayatu ya koma kwarfar ruwa, yana yi yana waiwaye. Ya ga Ishaya ya karkata kai yadda yake yi duk Asabar, ya jingina da kafaɗar matarsa, yatsunsa har yanzu a cikin ƙwaryar. Rana ta karkata, masunta suka fara komawa wajen tarunsu. Hayatu ya ce a ransa barci ya ɗauke shi, gara a bar shi ya huta kafin a kama hanya. Sai da ya ga Tabita ta zare hannun daga ƙwaryar, ta goge shi da bakin zaninta yatsa bayan yatsa, ta ɗora masa a ƙirji, sannan ya tsaya da kwarfar.

Ya fito daga ruwan, wandonsa yana ɗiga. Salati ya zo bakinsa, ya yi shi a hankali. Bai san abin da ake ce wa Kirista a irin wannan lokaci ba, bai kuma san ko ya yi wa Illo alama ya kashe injin ba. Ya durƙusa nesa kaɗan da tabarmar.

"Maman Martha, Allah shi ba ki haƙuri. Ni ban sani ba ko daidai niy yi."

"Ni ma ban sani ba," ta ce. "Ka ce ya bar shi tukuna."

Mutanen cocinsu suka binne shi a Sakkwato washegari. Hayatu ya bi su har maƙabarta, ya tsaya daga baya, hularsa a kai, yana kallon yadda kowa ya cire tasa, ya rasa ko shi ma ya cire. Maigandi ya zo da maganar gyaran katanga, Atika ta ce a dakata, ta nan take miƙa wa Tabita tuwo.

Bayan an share makoki, Hayatu ya hau keke ya tafi Kwalkwalawa, don ba wanda ya ce masa ga abin da za a yi da jirgin. Ya same shi inda suka bar shi. Wani masunci ya ce sun kwashe masa ruwa kwanakin farko, daga baya suka ga ba abin kwashewa. Hayatu ya naɗe wando ya shiga, ya shafa katakan ƙasa, ya ji su a bushe, tsagogin duk sun haɗe. Ya zauna a kan kujerar da ya ɗinka, ya dubi makullin, bai taɓa shi ba. Ruwa yana bugun gefen jirgin a hankali, igiyar tana miƙewa tana saki.