Wanda Ya Ɗauko Sabon Gola

Malami yana ɗaure buhunan barkono a bayan motarsa a tashar Sabon Birni lokacin da saƙon murya ya shigo wayarsa. Abdulrasheed ne, sakataren Zaratan Gobir, yake karanto sunayen 'yan wasan da sabon koci ya zaɓa don kakar da za a shiga. Malami ya saki igiya, ya kara wayar a kunne. Ya saurara har ƙarshe, ya mayar da saƙon farko, ya sake saurara. Babu sunan Jibrilla.

Zaratan Gobir ƙungiyar ƙwallo ce ta haɗin gwiwar mutanen Sabon Birni da na Isa. Shekara tara tana fafutuka a ƙananan gasa, sai bana ta haye rukunin ƙwararru. Jibrilla, mutumin Tsamaye, shi ne golanta tun ranar da aka kafa ta, shi ne kuma ya tare fanareti biyu a wasan da ya haye da su. Malami yana filin ran nan. Hularsa ta ɓace cikin murna, muryarsa ta dushe kwana uku.

Bai ƙarasa ɗaurin kayan ba ya nufi gindin darbejiyar da magoya baya ke zama. Ranar kasuwa ce, don haka har mutanen Isa suna nan, cikinsu da Is'haƙa tela, ƙanen matarsa Bilki. Tun daga nesa ya ji hayaniya.

"Wa ya ba shi wanga iko?" in ji Malami, ko sallama bai gama ba. "Mutum ya zo jiya jiya, bai san ko sunayen unguwanninmu ba, shi cire muna Jibrilla?"

"Yaya Malami, zauna tukuna," in ji Is'haƙa. "Koci Hafizullahi ya san aikinai. Shekarun Jibrilla talatin da shida. In ya faɗi dama, kahin shi tashi an sha shayi an wanke kofi."

Wasu suka yi dariya, wasu suka taso masa.

"Da wanga tsohon munka hau!" in ji Malami.

"Mun hau, na yarda. To can sama ba irin 'yan wasan da munka saba gani ba ne. Ka ga yadda suka buga kwana? Jibrilla bai hita kama ƙwallon sama, kowa ya sani, kunya ce ta hana a hwaɗi."

"Kai da keken ɗinki ka sani, mi ka sani ga tsaron gida?"

"Ni na ɗinka mashi wandon wasa shekara biyar. Na san yadda ƙugunai ke ƙaruwa."

Nan gardama ta rabu gida uku. Masu cewa a bar Jibrilla ko da benci ne, masu cewa gara a sallame shi da mutuncinsa, da masu cewa duk wannan ba shi ne matsala ba, matsalar ita ce har yanzu ba a samo mai cin ƙwallo ba, Kamalu lamba tara ƙwallo huɗu kacal ya ci bara. Wani ya ce ya ji sabon golan daga Maraɗi za a kawo shi, sunansa Marwan. Wani ya ce ai bai taɓa tsaron babbar ƙungiya ba. Wani ya ce ƙarya ne, ya ga bidiyonsa, tsawonsa ya kai ƙofar masallaci.

Kwana huɗu Malami bai sami natsuwa ba. Ya ɗaga tafiyarsa ta Maraɗi sau biyu. In ya zauna cin tuwo sai ya ajiye loma ya ɗauki waya, ya aika saƙon murya na minti bakwai cikin zauren magoya baya, Is'haƙa ya mayar masa da na minti tara. Bilki ta gaji.

"Maigida, barkonon nan da ke cikin mota ruwa na dukanai," ta ce. "Kai da Is'haƙa ba ku buga, ba ku tsaro, ku ne kuma ba ku cin abinci."

Ya ce ba za ta gane ba. Ya fita ƙofar gida, ya dawo, ya sake fita.

Rana ta biyar Abdulrasheed ya same shi a tasha, ya ja shi gefe.

"Gobe za ka Maraɗi?"

"In Allah ya so."

"To alfarma muka nema. Ka taho muna da Marwan. Kai ka san mutanen iyaka, kai ka san lokacin da hanya ke da lahiya. Ba mu son yaron mutane shi shigo motar haya shi kaɗai."

Malami ya dube shi kamar ya zage shi. "Ni? Duk garin ga ba ku ga kowa ba sai ni?"

"Kowa ya san inda ka tsaya. Amma amana muka nema, ba ra'ayi ba."

Malami ya ce a'a. Ya koma wajen motarsa, ya duba taya, ya zagaya ta, sannan ya kira Abdulrasheed a waya ya ce a turo masa lambar yaron. A ransa ya riga ya shirya abin da zai yi. Tafiyar awa uku ce. Ta ishe shi ya nuna wa baƙon irin wutar da zai shiga, har ya nemi a mayar da shi gida da kansa.

Washegari da hantsi, bayan ya sauke barkono ya loda taliya da dabino, ya sami Marwan a bakin babbar kasuwa, zaune kan jaka. Dogo ne siriri, bai fi shekara ashirin da biyu ba. Ya miƙe ya gaishe shi da hannu biyu, ya kira shi Kawu. Sai da ya naɗe ƙafafu kafin ya shiga gaban motar.

Suna barin gari Malami ya fara. Ya ce filinsu rabi yashi ne rabi tsakuwa. Ya ce mutanensu ba su da haƙuri, ƙwallo ɗaya in ta wuce ka, har gidan da kake kwana za a biyo ka da magana. Ya ce wasannin waje tafiyar kwana biyu ce cikin bas marar tagogi. Marwan yana ta cewa, "To, Kawu." A shingen jandarma ya miƙa katinsa, aka duba aka ba shi, ya mayar aljihu ya ci gaba da kallon gonaki.

"Ba ka jin tsoro?" Malami ya tambaya da haushi.

"Ina ji. Tun shekaranjiya ban iya cin abinci sosai ba."

Malami bai shirya wa wannan amsar ba. Sun tsallake iyaka kenan Marwan ya gyara zama.

"Kawu, an ce mani garin gardiyan da za ni canza na bisa hanya."

"Gola kake nuhi, Jibrilla? Tsamaye yake. Mi za ka yi mashi?"

"In gaishe shi. Ban son in tsaya wurinai ban taɓa ganin idonai ba."

Malami ya dubi rana. Azahar ta gota, kuma duk direban da ya san yankin yana son ya shiga gari kafin la'asar ta yi sanyi. Ya ce babu lokaci. Ya yi tafiyar kilomita biyu yana cewa babu lokaci, da suka iso mararraba kuwa ya karya kan motar zuwa Tsamaye.

A gida aka ce Jibrilla yana gona. Suka same shi cikin gero da ya kai gwiwa, yana noman maimai shi kaɗai, rigarsa rataye a kan kalgo. Ya ɗago, ya gane Malami, ya dubi dogon da ke bayansa. Ba sai an faɗa masa ba.

Marwan ya durƙusa. "Yaya, na zo gaisuwa."

Jibrilla ya dube shi. Sannan ya jingine hauya, ya goge hannu a wando, ya miƙa masa.

"Tashi. Ba kai ka cire ni ba."

Suka zauna a inuwa. Malami ya soma ba da labarin yadda ake fafatawa a gari saboda shi, yadda ya hana kowa sakat, yadda suke shirin zuwa wajen shugaban ƙungiya da takarda mai sa hannun mutum ɗari biyu.

"Malami," in ji Jibrilla, "ka san yadda na ji labarin? Cikin waya, kamar kowa. Ina nan wurin. Yau kwana shida. Ina jin saƙonninku duka, naka da na Is'haƙa. Kuna ta hwaɗa bisa gwiwata da shekaruna. Amma ba wanda ya tako Tsamaye. Wanda ya hwara zuwa, ga shi nan, shi da aka kawo shi amshi wurina."

Malami ya kau da kai. Ya tsinke wani haki yana murzawa.

"Ku bar takardar nan," Jibrilla ya ci gaba. "Ban son a mai da ni don tausai. Kuma abin da Is'haƙa ya ce bisa ƙwallon sama, gaskiya ne. Zafi kawai ta yi mani da ta hito bakin tela."

Ya juya ga Marwan, muryarsa ba daɗi ba faɗa. Ya ce ragar gabas in an yi ruwa ƙasarta santsi gare ta, ya sa takalmi mai dogayen haƙora. Ya ce mai tsaron baya na hagu yaro ne nagari amma ba ya waiwaye, sai an yi ta kiran sunansa. Ya ce da la'asar rana tana shiga idon wanda ke ragar gabas ɗin, in kyaftin ɗinsu ne ya ci zaɓen gefe, ya roƙe shi su fara daga can. Marwan yana ta gyaɗa kai. Da suka tashi tafiya ya ce, "Yaya, ka yahe mani." Jibrilla ya ce babu komai, ya ɗauki hauyarsa, bai raka su ba.

Sun shiga Sabon Birni ana kiran la'asar, Malami yana gudu fiye da yadda ya saba.

Bayan mako biyu aka yi wasan gwaji da wata ƙungiya daga Shinkafi. Filin ya cika har kan katanga. Minti goma sha biyu da farawa aka mayar wa Marwan ƙwallo daga baya, mai sauƙi, ya ɗaga ƙafa zai tare, ta bi ta ƙarƙashinta ta gangara cikin raga. Ihu ya tashi a filin. Bayan haka ya tare guda biyar, biyu daga ciki ba wanda ya zaci za a iya tare su, ya fita ya kama duk wata kwana da aka bugo. Aka tashi ɗaya da ɗaya. Amma a gindin darbejiya, ta farkon kawai ake magana.

Is'haƙa ne ya fi kowa zafi. "A mai da shi inda anka ɗauko shi! Jibrilla ko da ido rufe bai barin wagga ta wuce. Na yi kuskure, na amsa. A je a ba Jibrilla haƙuri."

"Kai dai ba ka da tsayi ɗaya," in ji Malami, ya miƙe tsaye. "Ƙwallo guda! Biyar da ya tare ba ka gani ba? Yaro ya baro garinsu, bai san kowa ba, mutum dubu na yi mashi ihu, ku ba shi wata guda mana!"

Majalisa ta dube shi. Wani ya ce, "Malami, ba kai ne mai takarda ba?" Aka fashe da dariya. Is'haƙa ya ce lallai akwai abin da aka ba shi ya sha a Maraɗi. Malami bai yi dariya ba, bai kuma ba su labarin Tsamaye ba. Ya ci gaba da gardama har makogwaronsa ya bushe.

Ba a je ba Jibrilla haƙuri ba, don kafin shugabanni su gama shawara ya riga ya karɓi kiran wata ƙaramar ƙungiya a Katsina, wadda ke son shi ya yi tsaro kuma ya koyar da matasan gololinta. Shi da kansa ya kira Malami ya ce yana neman wanda zai kai shi tashar Isa da kayansa.

Malami ya je Tsamaye da sassafe. Suka sa katifa da jaka biyu a bayan mota. A hanya Jibrilla ya tambayi yadda yaron yake.

"Shina ƙoƙari. Ya rame dai. Bilki na aika mashi hura."

"Ka ce mashi shi daina kallon 'yan kallo in an ci shi. Shi ɗauko ƙwallo cikin raga da sauri, shi jehwa tsakiya."

A tashar Isa suka tarar motar Katsina saura mutum biyu. Is'haƙa ya rufe shago ya zo, ya tsaya gefe yana sosa ƙeya, sannan ya matso ya miƙa wa Jibrilla leda. Riga ce da wando na shadda, ya ce tun bara ya yanka su bai samu ya haɗa ba sai jiya. Jibrilla ya buɗe, ya auna wandon a jikinsa, ya ce ya yi daidai. Mota ta cika, ta tashi.

Suka tsaya su biyu har ta sha kwana. Malami ya ce shi zai koma, yana da lodi. Is'haƙa ya raka shi wajen motarsa, ya riƙe murfin ƙofa.

"Yaya Malami, ka ji abin da aka hwaɗi da safen ga? Wai Koci na son shi mai da Kamalu gefe, shi kawo wani lamba tara daga Gusau."

Malami ya riga ya tada mota. Ya kashe ta, ya fito.

"Wa ya hwaɗa maka?" ya ce.