Kwaikwayon I'inar Maigida

Suna falo suna ninke wanki, ita da uwar mijinta da ta zo musu kwana biyu. Maigidan yana banɗaki yana fama da famfon da ke yoyo.

"Yaron nan ya ishe ni," in ji tsohuwar, tana kakkaɓe zanen gado. "An ba ƙaramin yaro shugabancin shagonsu, shi yana tsaye kamar turke. Mutumin da kafin ya gama sallama baƙi sun sa takalma, wa zai ba shi mutane ya riƙe?"

Tun aurensu tsohuwar ba ta taɓa sakar mata fuska ba. Yau ga ta tana kallonta, tana jiran ta tanka. Matar ta san a duniya ita kaɗai ce maigidan ke zama ya yi wa doguwar hira ba tare da tsoron i'inarsa ba. Duk da haka sai ta ji bakinta ya buɗe.

"Sa-sa-sa-salamu..." ta yi, har da runtse ido da ɗaga haɓa, yadda yake yi in kalma ta maƙale masa.

Tsohuwar ta fashe da dariya har da hawaye, ta kai mata duka a cinya. "Kai, 'yata, Allah ya shirye ki! Wallahi kamar shi!"

Daɗin wannan "'yata" bai gama ratsa ta ba ta lura ƙarar ruwa ta ɗauke. Maigidan yana tsaye a bakin ƙofa, hannun rigarsa a jiƙe, sifana a hannu.

Ya buɗe baki zai ce ya gyara. Haɓarsa ta ɗaga, idonsa ya fara runtsewa, sai ya dube ta ya fasa. Ya nuna banɗakin da sifanar, ya wuce ɗaki.

Ta bi shi, singiletinsa da take ninkewa na hannunta. Ya juya mata baya yana goge hannu.

"Don Allah ka ji..."

"Kin iya," ya ce a hankali. "A-ashe kina kallo."

Ta tsaya tana murza singiletin. Daga falo tsohuwar ta ɗaga murya:

"'Yata! In ƙanwarsa ta zo gobe sai kin yi mata ta gani!"

"Ba zan sake ba, Mama," ta ce, da muryar da ba ta kai ko bakin ƙofa ba.

Shi dai bai juyo ba.