Irin Albasar Malam Sule

Safinatu ta tsani Boɗinga, alhali garin bai yi mata laifin komai ba. A nan ne dai bara, tana matse cikin motar Shagari, direba ya tsaya shan mai, wayarta ta yi ƙara. Yayanta Maniru ne. Ya ce ta daina sauri, sun riga sun dawo daga maƙabarta. Shi ke nan fa. Ta taso daga jami'a a Sakkwato don ta ga fuskar Baba, ta isa Lambara ta tarar da tabarmin zaman makoki. Ga shi a garinsu mace ba ta zuwa kushewa, ko tudun ƙasarsa ba ta gani ba. Mata na ta kuka, ita idonta ya ƙafe ƙaf, har ana zunɗenta wai boko ya busar mata da zuciya.

Mahaifin nata, Malam Sule, bai bar dukiyar a zo a gani ba. Ya bar lambu a fadama mai rijiyar bututu, da tsohon injin ban ruwa, da irin albasarsa. Wannan iri kuwa tun daga ubansa ya gaje shi, bai taɓa sayen na kasuwa ba. Duk shekara sai ya zauna ya zaɓi ƙwayoyin da suka fi ja da tauri, ya mayar da su ƙasa a kusurwar lambu, su yi tsiri, su fid da farin fure, a yanke a shanya a sussuke. Tun Safinatu na 'yar mitsitsiya ita ke zama gabansa tana miƙa masa, yana latsawa da babban yatsa yana cewa, "Wagga ta yi. Wagga ko ta miya ce." Irin albasa kuma ba ya jimirin ajiya. In na bana ya lalace, an rabu da shi ke nan har abada.

A jami'a tana karatun injiniya, kuma zangon nan sun faɗa hannun Dakta Abdulƙadir, mai koyar da yadda ruwa da iska ke motsi. Kai, darasin nan ya ci mutane! Samari masu ji da kansu sukan fito aji kamar an yi musu dukan kawo wuƙa. Ita Safinatu ba lissafin ne ya dame ta ba. Matsalarta, da zarar Dakta ya zana bututu a allo sai ta ga tiyon lambunsu, ta ji ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta hangi Baba ya naɗe ƙafar wando yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya. Kafin ta dawo hayyacinta an goge allon. Kewarsa take yi, kewa mai cin rai, ba ta kuma da wanda za ta gaya wa.

Da zafi ya kankama sai ga kiran Maniru.

"Injiniya, ruwa sun yi ƙasa," in ji shi. Haka yake ce mata in zai tsokane ta, amma yau babu dariya a muryarsa. "Inji sai tari shikai, bai kawo komi. Na aro babba wurin maƙwabcinmu Ɗanbaba, na ba shi wuta har ya kusa tashi sama, a banza. Irin Baba ya fara sunkuyar da kai."

Ta tashi ba ta san inda za ta ba, sai ga ta a ƙofar ofishin Dakta. Ta gaishe shi, ta zayyana masa komai. Ya cire tabarau ya dube ta.

"Wato ranar da na yi bayanin nan jikinki ne kawai a aji? Malama, inji ba ya jan ruwa. Wuri kawai yake buɗewa a bututu, nauyin iska ne ke danna ruwan ya hau. Ƙarfin iska kuwa yana da iyaka. In ruwa ya wuce iyakar nan, ki kawo inji mai girman tirela, ba zai ɗaga ko cokali ba."

"To, ranka ya daɗe, yaya za mu yi?"

"Ni kike tambaya? Ruwa ya ƙi hawowa wurin inji. Saura me?"

Can ta ce a hankali, "Inji ya sauka wurin ruwa."

"Alhamdu lillahi, yau dai kin zo aji. Tashi ki tafi."

Da safe ta shiga mota. Da suka iso Boɗinga ta runtse ido, ba ta buɗe ba sai da ta ji sun wuce kasuwa. Daga Shagari ta hau babur, ko gida ba ta biya ba, ta zarce fadama. Kai tsaye ta nufi kusurwar lambun. Fararen kawunan nan duk sun langaɓe, ganyen ya soma rawaya daga baki.

"Rami za mu gina, Yaya," ta ce. "Mu zagaye bututun rijiya, mu yanke shi daga ƙasa, mu sauke inji ciki."

Maniru ya riƙe baki. "Rami? Wallahi na ga mutanen Kajiji sun yi haka! Ni na aza inuwa suka nema ma inji, har na yi musu dariya na ce sun mai da shi amarya."

Ya ɗauko diga da shebur. Shi yana sara, ita tana janye ƙasa da kwano, hijabinta ɗaure a ƙugu. Rana ta take, gumi ya wanke su, tafinta ya yi bororo, ba ta ko duba ba. Busasshiyar ƙasa ta ƙare, aka shiga mai duhu, mai laima. Da ramin ya shanye Maniru har kafaɗa, ta ce ya isa. Ya yanke bututun, ya fito, suka zura tsohon injin Baba da igiya.

Saura ɗaura tiyo. Hannunta ya fi nasa ƙanƙanta, don haka ita ta sauka. Ta ja robar ta ɗaure tam, kada iska ta sami ko kafar allura. Ya miƙo mata butar alwalar Baba, wadda da ita yake cika cikin inji kafin a tayar, ta yi bisimilla ta tsiyaya.

Ta gama, ta ajiye butar. Ta ɗaga kai. Maniru na tsaye, shebur a hannu, yana kallon ramin.

"Rabona da gina rami irin wanga," ya ce, "tun ranar Baba."

Safinatu ta dafa bangon ramin. Sanyi ta ji, sanyi mai daɗi, duk da ranar da ake ƙwallawa a waje. Sama ta zama ɗan fili kaɗan a bisa kanta.

"Yaya," ta ce, "haka ƙasar take?"

"Haka take. Da sanyi, ba dutse ko ɗaya. Ni na shiga na gyara mishi kwanciya. Huskarshi lahiya lau, kamar barci shikai."

"Bar ni kaɗan."

Ya bar ta. Ta manna goshinta a jikin ƙasar, ta yi wa Baba addu'ar da ta so yi a kansa ba ta samu ba. Ta gaya masa ta yi sauri, wallahi ta yi sauri, mota ce ta tsaya a Boɗinga.

"Hito hakanan, hayaƙi na kama ki," in ji Maniru, ya miƙo mata hannu.

Ya sauka ya ja igiyar inji, ya haye da sauri. Inji ya yi tari, ya sake tari. Tiyon da ke kwance kamar mataccen abu ya motsa, ya kumbura, ya tofar da laka, sai ga ruwa fari tas yana bulbulowa.

Safinatu ta zauna daɓas a kan tudun ƙasar da suka tono, kukan da ta riƙe tun bara ya ƙwace mata, da ƙarfi, ba kunya, har ƙarar inji ba ta rufe shi ba. Maniru bai ce ta yi haƙuri ba. Ya naɗe ƙafar wando, ya ɗauki fartanyar Baba, ya tafi ya buɗe wa ruwa hanyar kusurwar lambu.