Kalmar da Anita Ta Kawo wa Kakanta

Hajaratu ce ta riƙe wayar a gaban fuskar Baba Tizhe, don hannunsa ya daina ɗaukar ko cokali. Jikarsa Anita ce ta kira daga Koriya, ubanta Joel na tsaye a bayanta.

Tun da Joel ya tafi can aiki ya auri 'yar ƙasar, Turanci kaɗai ya haɗa tsohon da jikar tasa. Ba ta jin Hausa, balle Kamwe, yaren kakan nata, shi kuwa a koyar da Turanci ya ƙare ƙuruciyarsa a Mubi. Duk Lahadi in ya taso daga coci yakan yi mata darasi ta waya, Hajaratu maƙwabciyarsa tana jiyo dariyarsu ta katanga. Sai ɓarin jikinsa ya shanye. Turancin ne ya fara barin bakinsa, Hausa ta bi baya.

Yarinyar ta yi ta zuba. Joel ya bayyana wa Hajaratu cewa wata kalma aka ba su a makaranta, wadda ake faɗa in ƙamshi ko waƙa ta dawo wa mutum da abin da ya wuce. Misali take so daga kakanta.

Tsohon ya daɗe yana kallon jikarsa. Can ya soma magana da Kamwe, a hankali, ɓarin bakinsa mai lafiya yana murmushi. Ya yi ta yi har numfashi ya gaza masa.

"Mama, me ya ce?" in ji Joel.

"Ni ina na ji Kamwe, ɗana? Ai kai zan tambaya."

Joel ya sunkuyar da kai. Sunan mahaifiyarsa, matar tsohon, kawai ya tsinta, ya ce, sai wani abu kamar gyaɗa. Da Hajaratu ta tambaye shi yaushe zai zo, ya ce takardunsa ba su fito ba. In ya baro ƙasar, ba za a bar shi ya koma wurin iyalinsa ba. 

Ran Laraba da hantsi, Hajaratu tana ba tsohon kunu, ya cika. 'Yan cocinsu suka ɗauki gawarsa zuwa garinsu Michika, Joel ya kalli jana'izar ta wayar wani.

Da yamma hadari ya haɗo. Hajaratu ta leƙa gidan don ta kwashe shanya. An sa wa ɗakin kwaɗo, takalmansa na nan a bakin ƙofa inda aka manta da su, ruwan indararo yana cika su.